Abba zai tafi sansanin daji na sati biyu, ni kuma barci ya ƙaurace min

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara kaina ya kulle. A Bronx muke zaune nan New York, ɗana Abba shekararsa 11, ta makarantarsu ya samu gurbi kyauta a irin sansanin nan na hutun bazara da ake kai yara daji su kwana can, sati biyu a tsaunukan Catskill cikin watan Yuli, hawan dutse da tuƙin kwalekwale da kwana a tanti, kuma ba a zuwa da waya. Shi murna kamar me, babansa har ya sa hannu wai namiji ne ya je ya yi ƙwari. Ni kuma tunda na haife shi bai taɓa kwana wani wuri ba ni ba, bai iya ruwa ba, sannan abin da ban gaya wa kowa ba har yanzu yakan yi fitsarin kwance jefi-jefi kuma bana so in rubuta a fom a raina min yaro. Ga sallah ga abinci. Kakarsa a Katsina kullum sai ta kira tana faɗa wai za mu kai mata jika daji. Na dai ce masa in bai ji daɗi ba ya sa a kira ni in zo in ɗauke shi. Saura wata biyu, in hana shi ne ko yaya zan yi?

Maman Abba

Wa alaikumussalam ƙanwata. Ki bar shi ya je, amma fa ba da ido rufe ba, akwai tambayoyin da sai an ba ki amsarsu tukuna. Tsoron nan naki ba laifi ba ne, uwa ce ke, inda matsalar take shi ne wanda kike sauke wa shi. Yanzu haka a kan Abba kike sauke shi kuma yaron ba abin da zai iya yi da tsoronki sai dai ya ɗauka ya tafi da shi daji. Masu sansanin su ya kamata su ji shi, ki tattara duk abin da ke hana ki barci ki mai da shi tambaya ki kai musu, aikinsu ne, don haka ake biyansu ko da ba aljihunki kuɗin ya fito ba. Tsakaninki da Abba kuma abin da ya rage a wata biyun nan koyarwa ce kawai.

Gobe da safe ki kira daraktan wurin, ba sakatariya ba, shi kansa ko ita kanta, kuma kar ki ji nauyi wai ai kyauta aka ba ku kar a ce kin cika fitina, wallahi iyayen da suka biya dubban daloli tambayar da suke yi ta ninka taki sau goma kuma ba wanda ya taɓa korar ɗansu. A jihar New York duk sansanin yara sai da izinin ma'aikatar lafiya, sau biyu ake zuwa duba shi a shekara, aƙalla sau ɗaya lokacin da yara ke ciki, rahoton kuma ba sirri ba ne kina iya neman gani. Ki tambaya ko ƙungiyar American Camp Association ta tantance su, wannan ba dole ba ne, sansani ne ke kai kansa a duba shi, shi ya sa ma yake da daraja a wurina. A ƙa'idarsu yara 'yan shekara 9 zuwa 14 masu kwana, babba ɗaya ne ga yara 8, toh ki ji nasu nawa ne, da rana nawa da dare nawa. Ki sani kuma yawancin masu kula da ɗakunan nan matasa ne ɗaliban jami'a, wasu ma daga wasu ƙasashe suke zuwa aikin hutu, don haka ki tambaya kwana nawa ake horar da su kafin yara su iso, nas tana kwana a wurin ko zuwa take ta tafi, asibiti mafi kusa minti nawa ne a mota, in sun fita kwanan tanti can cikin daji inda ba sabis da me suke kiran gida.

Ki yi maganar ruwan sama ma. Kin dai ji abin da ya faru a Texas kafin asubar 4 ga Yulin 2025, kogin Guadalupe ya cika ya batse cikin dare ya ci yara mata da masu kula da su 27 a sansani guda, innalillahi, ɗakunan ƙananan suna kusa da kogi ne. Catskill ɗin ma ba baƙon ambaliya ba ne, guguwar Irene ta yi musu ɓarna sosai a 2011. Ba na faɗa don in ƙara miki hawan jini ba, na faɗa don ki san me za ki tambaya: ɗakin su Abba a kan tudu yake ko a bakin rafi, waye ba ya barci da dare yana sauraren gargaɗin yanayi, in aka ce a tashi ina ake kai yara kuma ana gwada musu tun ranar farko ko a takarda kawai abin yake. Darakta na ƙwarai daɗin irin tambayar nan yake ji, zai ba ki amsa ba inda-inda. In kika ji ana ta "kar ki damu madam, ba abin da ya taɓa faruwa" ba tare da bayani ba toh a nan ne zan ce ki riƙe ɗanki, a nemi wani wurin baɗi.

Sai maganar da mu ba mu son yi. Ki tambaye su ƙarara wace doka suke da ita a kan babba ya keɓe da yaro shi kaɗai, wurare masu kyau ba sa yarda, dole a zama mutum uku ko a tsaya inda ake gani, kuma dokar jihar ta tilasta musu duba sunan ma'aikaci a rajistar masu laifin lalata kafin su ɗauke shi. Amma rabin aikin a gidanki yake. Mu tarbiyyarmu ita ce yaro ba ya ce wa babba a'a, ba ya ɗaga ido, in an ce zo ya zo, abu ne mai kyau a zaure amma yana da illa a inda ba kya nan. Ke da babansa ku zaunar da shi ku gaya masa da baki ba da habaici ba, cewa ba wanda ke da izinin ganin al'aurarsa ko taɓa ta, babba ne ko yaro ɗan'uwansa, duk wanda ya ce masa kar ka gaya wa kowa toh wannan shi ne abin da za a fara faɗa, ya je wurin nas ko darakta, kuma ba za ku taɓa dukansa ko zaginsa don ya faɗa ba. Za ki ji kunya, shi ma zai sunkuyar da kai yana wasa da yatsu, ki daure ki faɗa.

Yanzu fitsarin kwancen. Ƙanwata ki rubuta shi a fom. Ki rubuta. Ɓoyewar ita ce za ta jawo abin da kike gudu, domin in ba su sani ba sai a ba shi gadon sama, ya jiƙa katifa da dare, gari ya waye yara takwas suna kallo shi kuma saurayin da ke kula da ɗakin ya ruɗe bai san me zai yi ba. In sun sani kuwa abu ne da suka saba da shi duk shekara, a ba shi gadon ƙasa kusa da ƙofa, a tashe shi ya zaga kafin manyan su kwanta, a yi wata alama tsakaninsa da mai kula da ɗaki, misali ya ɗora hularsa a kan filo in abin ya faru, yara na fita karin kumallo a kwashe kayan a wanke a mayar ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Akwai kuma wandunan dare na manyan yara masu shanye fitsari, a cusa ɗaya can ƙasan jakar barcinsa ya sa a ciki bayan an kashe fitila, da safe ya cire a ciki ya sa a leda. Ki sa ya gwada wannan a gida har hannunsa ya faɗa. Kusan yara 5 cikin 100 'yan shekara 10 suna yi, yawanci gadonsa ake yi, in kika bincika a danginki ko na babansa za ki samu wanda ya daɗe yana yi sai dai ba za a gaya miki ba, kuma ba lalaci ba ne ba ganganci ba, waƙar amalala da ake yi wa yara a gida ba ta taɓa busar da tabarmar kowa ba. Tunda dole ne ma ki kai shi likita ya cike takardar lafiya da ta rigakafi, ki ɗauko maganar a can. Akwai magani desmopressin da ake ba yara don irin wannan tafiyar, yana rage fitsarin da jiki ke tarawa da dare, amma likita ne zai ce ya dace ko bai dace ba, ana gwada shi a gida tun da sauran makonni, kuma yana da sharaɗin rage shan ruwa da dare wanda dole nas ta sani, kar ki karɓi na ɗan maƙwabciya. Ki gaya wa likitan in yaron na fama da taurin bayan gida, sau da yawa shi ne ke ƙara abin. Kuma kafin ki rubuta ki gaya wa Abba za ki rubuta da wanda zai gani, sirrinsa ne, kar ya je can ya ji a bakin wani.

A fom ɗin dai, asma, sikila ko da AS ne, abin da jikinsa ba ya so, duk ki sa. Magani kowane iri a kwalinsa na asali da sunansa ake miƙa wa nas. Habbatussauda a ƙulle a leda da garin magani da aka aiko daga gida ba za su karɓa ba, kar ma ki wahalar da kanki ki tusa a safa.

Rashin iya ruwa shi ne abin da ni ya fi tsaya min a wasiƙarki, fiye da fitsarin nesa ba kusa ba. Alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, sun nuna yara baƙar fata 'yan shekara 10 zuwa 14 suna nutsewa a wurin wanka ninki bakwai da wani abu fiye da fararen yara, ba don jikinmu daban ba ne, don ba a kai mu koyo ne. Wata biyu ya isa ya koyi shawagi a kan ruwa da riƙe numfashi da kai kansa bakin gaɓa, ki duba cibiyar wasanni da koyon ruwa ta YMCA mafi kusa da ke, hukumar wuraren shaƙatawa ta birnin New York ma tana koyarwa kyauta sai dai gurbi na cika da wuri, ki nema satin nan. A sansani ranar farko ko ta biyu za a gwada kowa a ruwa a raba su gida-gida, wanda bai iya ba a tsayar da shi inda ruwa bai wuce ƙirji ba. Ki gaya masa kar ya kuskura ya ce ya iya don kar abokai su yi dariya, namiji ne ɗan shekara 11, wannan ƙaryar a bakinsu take. Tafki kuma ba kamar kwamin wanka ba ne, ruwan da sanyi, ba a ganin ƙasa, ƙafa na taɓa laka da ciyawa, yaro kan firgita. A kwalekwale rigar da ke hana nutsewa a ɗaure take ko da ya iya ruwa, in an ji tsawa a fito, sai minti 30 bayan ta ƙarshe a koma.

Toh alkawarin da kika yi masa na zuwa ɗauko shi, wannan ki janye shi, cikin hikima amma ki janye. Na san da ƙauna kika faɗa, amma ki ji yadda yake shiga kunnen yaro: Mama ma ba ta yarda zan iya ba, kuma ga ƙofa a buɗe. Kewar gida kusan kowane yaro sai ya yi ta, har wanda yake zuwa duk shekara, ta fi tsanani a kwana biyu ukun farko, da magariba da lokacin kwanciya, in yaro ya san sati biyun nan ba makawa sai ya yi kukansa ya share hawaye ya nemi aboki, in kuwa ya san kuka ɗaya zai kawo mota toh ba zai nemi abokin ba, ƙofa zai ta kallo. Kuma in kika ɗauko shi rana ta uku abin da zai dawo da shi gida shi ne ni na kasa, wannan ya fi sati biyu daɗewa a zuciya. Ki ce masa, Abba na yi tunani, maganar da na yi ba haka za a yi ba, za ka ji kewarmu kuma ba komai ba ne, in ta taso ka gaya wa mai kula da ku, ka shiga wasa, ka rubuta min wasiƙa, ranar da aka ce ranar zan zo. In rashin lafiya ce ta gaske ko wani ya cuce shi wannan daban, manya ne za su kira ki kuma ko tsakar dare ne za ki kama hanya, ki gaya masa hakan ma don ya san bambancin.

Yaran gida ba sa shan wannan wahalar sosai saboda tun suna ƙanana ake tura su hutu gidan gwaggo gidan kawu, namu na nan kuwa daga ɗaki sai makaranta sai islamiyyar Asabar. Ki nemi gidan 'yar'uwa ko aminiyar da kika yarda da ita ya kwana ɗaya, bayan sati biyu ya kwana biyu, ba waya, kuma ke ma kar ki kira, gwajin naku ne ku biyu. A gida kuma daga yau ki cire hannunki: shi zai yi wanka ya shafa mai ya taje kai ba tuni, shi zai gyara gado, ya ware kaya masu datti, ya shanya tawul maimakon ya dunƙule shi a jaka. Ki kashe fitilar ɗaki ya nemo takalminsa da tocila. Ranar hutu babansa ya ɗauke shi su je Van Cortlandt Park ko Pelham Bay, nan cikin Bronx ɗinku, su yi tafiyar awa biyu da jaka a baya da takalmin da zai tafi da shi, sabon takalmi fil a kan dutse ƙafa zai sale masa tun rana ta farko.

Abin da ya kamata ki ji tsoro a dajin can ba zaki ba ne ba kura ba, kaska ce. Ba irin ƙatuwar da kika sani a jikin shanu ba, wannan babbarta kamar ƙwayar riɗi take ƙaramarta kuwa kamar ɗigon biro, cizonta ba zafi, ita ke kawo cutar Lyme kuma yankinku na arewa maso gabas nan ne cibiyarta, daga wani gari a jihar Connecticut maƙwabciyarku ma cutar ta samo suna. Sauƙin abin shi ne yawanci sai ta fi kwana guda manne a jiki kafin ta sa cutar, don haka duba jiki kullum da yamma shi ne maganin. Ki koya masa inda take ɓuya, hammata, bayan kunne, cikin gashi, cibiya, ƙugu inda wando ke kamawa, matsematsi, bayan gwiwa. In ya gani kar ya fizge, ya je wurin nas ta cire da matsefata, ba a sa mata kananzir ko ashana ko man shafawa. In za su shiga ciyawa dogon wando, a tusa ƙafarsa cikin safa, zai ce abin ba kyan gani, eh ba kyau, ya tusa. Ki sayi maganin shafawa na korar ƙwari mai sinadarin DEET wanda bai wuce kashi 30 ba, kayan sawa da takalmi kuma ki fesa musu maganin ƙwari permethrin a waje a bar su su bushe kafin a ninke, shi a tufafi ake sa shi ba a fata ba, in kuna da kyanwa ki nisanta ta har ya bushe.

Akwai kuma ganyen da suke kira poison ivy, uku-uku ganyensa ke fitowa, man jikinsa in ya taɓa fata sai ƙuraje masu ruwa da ƙaiƙayi na sati biyu ko fiye. Ki nuna masa hotonsa har ya haddace. Na kawo shi nan ne saboda maganar tsarki, yaro ya shiga daji ya zaga ba ruwa ya tsinki ganye, Allah Ya kiyaye, sauran ki ƙarasa da kanki. Buta ba za ta shiga jakar baya ba kuma zai ji kunyar yawo da ita, ki ba shi ƙaramar gora ta daban mai launi daban da ta shan ruwa, ki rubuta mata alama, ita ce butarsa.

Abinci, ki rubuta ba ya cin alade kuma ki yi magana da mai kicin, wurare da yawa suna da abincin marasa cin nama kullum, in ba su da halal wannan ya wadatar na sati biyu, ga ƙwai ga kifi ga taliya ba zai rame ba. Inda yara ke faɗawa shi ne inda aladen ba ya kama da alade, feferonin kan fiza, sosej, da alewar nan fara mai laushi mashmalo da suke gasawa a bakin wuta da dare, yawancinta da jelatin na alade ake yi. Wannan zaman bakin wutar kuwa shi ne daɗin sansanin gaba ɗaya, kar a bar shi yana kallon bakin mutane, ki sayi ta halal leda biyu uku ki ba darakta a ajiye masa, in da hali ki sayi wadda za ta ishi ɗakinsu duka. Amma dan Allah kar ki yi masa irin shirin makarantar kwana ta gida, a cika akwati da gari da ƙuli da madara. Abinci a ɗakin kwana yana jawo ɓeraye, a tanti kuma har dabbar nan beya baƙa da ke dajin Catskill, sannan sansanoni da yawa sun hana gyaɗa kwata-kwata saboda akwai yaran da ko kaɗan ta shiga bakinsu sai numfashi ya sarƙe. Ki tuna ƙuliƙuli gyaɗa ne, yajin tsire da ƙuli a ciki, kilishi ma haka. Ki ajiye masa su ya ci a mota ranar dawowa.

Sallah kuma tunda ba waya, ki buga masa jadawalin lokuta na garin da sansanin yake a takarda, ki saya masa agogon hannu mai arha mai ƙararrawa. A Yuli can magariba sai wajen takwas da rabi, isha wajen goma lokacin an kusa kashe fitila ko an kashe, asuba tun wajen huɗu, rana na fitowa kafin shida alhali su sai wajen bakwai ake tashinsu, toh asubar ce za ta ba shi aiki, ki gaya wa mai kula da ɗakin tun ranar kai shi cewa zai riƙa tashi minti biyar ya koma, kuma ki nemi a nuna masa wani lungu mai tsabta. Alƙibla daga New York arewa maso gabas take, kuma Allah da ikonSa a watan Yuli kusan daidai nan rana ke ɓullowa, ya lura da inda ta fito safiyar farko ya riƙe. 'Yar sallaya marar nauyi mai naɗewa ta isa. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli ranar da suke kan tafiya ki sa ya tambayi malaminsu na islamiyya da bakinsa kafin ya tafi, zai fi riƙewa. Ki kuma koya masa amsa gajeriya in yara sun tambaye shi me yake yi, don za su tambaya, yawanci son sani ne ba tsokana ba. In ya dawo ya ce wata ta kuɓuce masa kar ki rufe shi da faɗa, ya rama, yaron da ya yi sallah shi kaɗai cikin yara takwas ba mai tuna masa ya yi ƙoƙari.

Kaya kuwa za su ba ki takardar abin da ake buƙata, ki bi ta kawai kar ki ƙara. Tsofaffin kaya, suna a jikin komai har safa, rigar ruwa, suwaita mai kauri don dare a tsauni yakan yi sanyi har wajen digiri 10 a ma'aunin Celsius ko a Yuli, safa da yawa, tocila da batir, man kare zafin rana don baƙar fata ma tana ƙonewa. Jins in ya jiƙe ba ya bushewa, a rage shi. Shi zai shirya jakar kina zaune kina kallo, in ke kika shirya wallahi haka zai dawo da rabin kayan a ninke bai san suna ciki ba.

Baban Abba yana da gaskiya da ya sa hannu, amma ki roƙe shi ya rage maganar namiji ba ya kuka, yaron da aka ce wa haka shi ne zai ɓoye ciwo ya ɓoye kaska ya ɓoye wanda ya zalunce shi. Hajiya kakarsa kuma ki yi mata uzuri, mutumin da ke zaune a Katsina a shekarun nan aka ce masa an kai yaro daji ya kwana me kike so ya hango? Gardama ba za ta yi ba. Ɗanta ne zai yi mata bayani ba ke ba, ya tura mata hotunan wurin ta WhatsApp, ɗakunan da wurin cin abinci da nas, ya ce mata tsari ne da mutanen ƙasar suka fi shekara 100 suna yi, Abba kuma ya kira ta ya nemi addu'a kafin ya tafi, in aka ba tsohuwa aikin addu'a rabin faɗan ya ƙare.

Ki sa masa ambulan uku huɗu da kan sarki da adireshinku a rubuce, ke ma ki aika taki wasiƙar kwana uku kafin ya tafi don ya same ta da wuri. A ciki ban da gidan ya yi shiru, ban da ƙanwarka na ta kuka, ban da mun je cin abinci waje ba kai, ki tambaye shi dai me ya gani, waye abokinsa. Wasiƙarsa ta farko tana iya zuwa da kuka a ciki, ki zo ki ɗauke ni abincin ba daɗi, kafin ki ɗauki makullin mota ki duba ranar da ya rubuta, kwana huɗu ko biyar kenan, mai wasiƙar wataƙila yana can yana ihu a tafki ya manta ya rubuta, ki kira ofis ki ce a duba miki shi a gaya miki gaskiya. In suna sa hotuna a intanet kar ki zauna kina zuƙo fuskarsa kina cewa bai yi dariya ba. Ranar kai shi kuma ki gaisa da mai kula da ɗaki, ki ga nas, ki yi masa addu'a ki juya, kukan a mota.

In ya dawo zai zo da datti da wari da barcin kwana biyu, wataƙila ma ya yi ta kewar can yana ba ki haushi. Kayansa kafin wanki ki fara zuba su a injin busarwa da zafi sosai minti 10 don kashe kaska, ki duba kansa saboda kwarkwata. Sannan wata guda ki sa ido, tabon Lyme yakan fito tsakanin kwana 3 zuwa 30 yana faɗaɗa, a fatarmu ba lallai ya yi ja irin na hoto ba, yakan yi duhu kamar wurin da aka buge, wani yaron ma ba tabon sai zazzaɓi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi. Kar ki ce maleriya ce ki ɗauko ragowar maganin da aka zo da shi daga gida, ki kai shi asibiti ki gaya wa likita ya yi sati biyu a dajin Catskill, in an kama ta da wuri maganin 'yan makonni ne. Allah Ya kai shi lafiya Ya dawo miki da shi lafiya, ki gaida Hajiya.